Wayar Lawali da Iyakar Gona

Wayar da na fara buɗewa da hannuna ta wani mai haƙar zinari ce daga wajen Tungar Daji. Ƙarama ce mai madannai, ya ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo. Kukansa shi ne ba ya jin magana sai ya matse ta a kunne. Ubangidana Malam Ɗan'ige, wanda ya tsufa yana gyaran rediyo a Anka tun kafin waya ta zo, ya miƙo mini sukudireba ya koma ya zauna. Da na ɗaga murfin sai na tarar jar ƙura ta toshe sifika, irin ƙurar da ke tashi wurin niƙan dutse. Na kai baki zan hure, sai na ji hannu a ƙeyata.

"Kak ka hura! Ƙurar ga mai gubar dalma ce, ita ta cinye ɗiyan mutane. Ɗauko buroshi da jiƙaƙƙen tsumma."

Shekara uku na yi a rumfarsa. Shekarar farko ban taɓa ƙarfen narka dalma ba. Aikina shi ne in jera sukurori a faranti bisa yadda aka kwance su, in wanke hantsaki, in riƙe mitar auna wuta yana karantawa. In sukuru ɗaya ya ɓata, ranar ba mai cin abinci sai an gan shi. Daga baya na koma Gummi na buɗe tawa rumfar kusa da tasha, mutane suka laƙaba mini Injiniya, ni da ko ƙofar jami'a ban taɓa gani ba. Ban ƙi sunan ba. Wa ya ƙi a ƙara masa tsawo?

Ku da kuke zuwa kuna cewa in koya muku gyaran waya cikin wata uku, na san abin da kuka gani. Kun ga ana ɓare fasasshen sikirin ana manna sabo, kun ce ai wannan ko makaho ya yi. Gaskiya ne, canza sikirin ba wuya. Abin da ba ku gani ba shi ne, mutumin da ya miƙo maka waya ba ƙarfe ya miƙo maka ba. A nan wurinmu ba a ɓoye wa mai gyara lambar sirri. Mutum zai faɗa maka ita da ƙarfi a gaban jama'a, ya tafi kasuwa ya bar ka da hotunan iyalinsa da duk maganar da bai gaya wa kowa ba. In wani rubutun Turanci ya fito, ba ya tambayar abin da aka ce. Sai dai ya ce, "Danna mini kawai, kai ka sani." Shekaru na yi ina danna wa mutane, ina jin kaina wani babba. Wannan dannawar ce ta ja mini abin da zan ba ku labari.

Akwai wata ƙungiya da ke aikin lafiyar yara a ƙauyukanmu. Da can tana raba wa ma'aikatanta waya, daga baya ta ce kowa ya sa imel ɗin aiki a tasa. Aka ba su takarda mai bayanin yadda za a yi, su kuwa suka naɗe takardar suka kawo mini. Wata ranar kasuwa kusan su goma suka cika bencina. Kowace waya in na shigar da adireshi da kalmar sirri, sai wani dogon shafi ya fito, rubutu ƙanana, a ƙasa akwai wurin yarda da wurin ƙi. In ka ƙi, imel ba ya shiga. To mene ne abin tsayawa? Wayar ta ce dole a sa lambar kulle, na sa wa kowa sifiri huɗu, don kada gobe su manta su dawo su dame ni.

Cikinsu akwai Lawali, mutumin Adabka, mai yawo ƙauyuka yana rubuta sunayen yaran da aka duba. Ba shi da yawan magana, amma yana da yawan tambaya. Ya leƙo ta kafaɗata.

"Injiniya, mi rubutun ga ka hwaɗi?"

"Ba komi. Gaisuwa ce irin tasu ta Turawa."

Aka yi dariya, na danna. Ina iya karanta Turancin waya daidai gwargwado, da na tsaya da na gane. Daga baya na gane shafin cewa yake yi, daga yau ofis na da ikon kulle wannan waya, da hana a kwashi abin da ke cikinta, da share ta gaba ɗaya daga nesa. Ba imel kaɗai ba, har hoton ɗanka na ranar suna. Ban karanta ba, domin akwai mutum shida suna jira kuma rana ta yi.

A daminar shekarar Lawali ya je gida Adabka. Mahaifinsa ya tsufa ƙwarai, kuma dattawan da suka san iyakar gonarsu wasu sun rasu, wasu rashin tsaro ya kore su. A gefen gonar akwai itatuwa biyu, tsamiya da kanya, tsakaninsu wani yanki mai laima wanda ya fi ko'ina ba da dawa. Su Lawali suna cewa iyakarsu ta kai kanya. Maƙwabcinsu yana cewa a tsamiya ta tsaya. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya ce ɗansa ya biyo shi da waya. Ya taka iyakar ƙafa da ƙafa, yana faɗin inda shi da mahaifin maƙwabcin suka tsaya suka yi yarjejeniya, da wanda ya shaida, Lawali yana ɗauka. Duk garin an san tsohon ba ya ƙarya. Wannan bidiyo shi ne takardar gonar, kuma ba shi a ko'ina sai cikin wayar nan. Lawali bai tura wa kowa ba saboda girmansa, data za ta ƙare.

Ba a yi wata biyu ba, shi da abokin aikinsa suna dawowa daga wani ƙauye kan babur, suka hango masu bindiga a gaba. Kowa a nan ya san abin da suke fara yi: su karɓi waya su duba. In suka ga alamar kana aiki da ofis, kai da gida sai wani ikon Allah. Lawali ya saba naɗe wayarsa cikin leda saboda ruwan sama. Ya zaro ta ya wurga cikin gonar dawa, suka juya babur suka tsira. Wurin ba sabis, can ta kwanta har batir ya mutu. Washegari ya ari wayar wani ya kira ofis ya ce tasa ta tafi, bai san hannun da za ta faɗa ba. Mai kula da kwamfutocin ofis ta yi abin da dokarsu ta ce, ta aika umarnin a share wayar. Irin wannan umarni ba ya lalacewa. Yana nan yana jira, duk ranar da wayar ta ga sabis zai sauka. Lawali bai san haka ba. Shi a wurinsa ya ba da rahoto ne kawai.

Kwana kaɗan bayan haka aka kashe sabis a jihar baki ɗaya. Ita ce shekarar da ban taɓa ganin irinta ba a sana'a. Wa zai gyara wayar da ba ta kira? Kasuwannin mako ma an rufe su. Na koma cajin fitilu da zuba wa mutane karatu da wa'azi a memori. Biyu daga cikin abokan sana'ata suka sayar da kayan aiki suka bar garin. Ni na zauna, ina share teburin da ba kowa a gabansa, ina gasa ƙarfen dalma don kada ya yi tsatsa. Mai son ya ji muryar ɗansa sai ya shiga mota ya nufi wani tudu can kan iyakar jiha, inda sabis ɗin maƙwabta ke leƙowa. Cikin wannan hali mahaifin Lawali ya rasu. Ko arba'in ba a yi ba maƙwabcin ya ce in an yi girbi a zauna gaban mai gari a raba gardama.

Da aka fara yankan dawa, mai gonar da aka wurga wayar ya tsince ta a tsakanin kunyoyin dawa. Katin aikin Lawali na maƙale a bayan rigarta, da haka ta dawo hannunsa. Ya kawo mini ita kamar mai ɗauke da jinjiri. Ledar ta yi ƙoƙari, amma laima ta shiga. Batir ya kumbura, wurin caji ya yi kore, allon ciki duk farin gishiri-gishiri. Kwana uku na yi a kanta. Na wanke allon da buroshi, na shanya, na bi layukan da mita ɗaya bayan ɗaya har na sami inda ya tsinke, na ɗinke da zaren waya mai sirantar gashi. Na ciro batir daga wata matacciyar waya irinta na sa. Rana ta uku da hantsi ta kawo haske. Na sa sifiri huɗu, ta buɗe. Wallahi ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba.

Lawali ya buɗe bidiyon a nan kan bencina. Sau uku muka kalla. Shi yana share hawaye da hularsa. Ni kuwa idona na kan wani siririn layi da ke rawa a gefen sikirin, kunnena na kan sifika, ina so in ji ko tana kakari. Ba ta yi ba, muryar tsohon na fita garau.

Na ce masa gaskiya: wayar da ta sha ruwa ba ta da alkawari. Yau ta tashi, gobe tana iya mutuwa, zaman kuma sai nan da mako biyu. Dole a kwafe bidiyon. Na jona ta da kwamfutata, kwamfuta ta ƙi ganin komai. Na gwada turawa waya zuwa waya, ta ce an hana. Na sa memori, ta ƙi karɓa. A nan ne ya kamata jikina ya ba ni, in tambayi kaina wa ya hana, kuma me ya rage a hannunsa. Ban tambaya ba. Na ɗauka ruwan da ta sha ne.

Lawali ya ce, "To a ɗauko wata wayar mana, a aza ta gaban wagga, a ɗauka."

Na yi dariya. "Haba Malam Lawali, a rumfata? Wannan aikin 'yan kallo ne. Hoto ya yi rawa, murya ta shige, a ce Injiniya ne ya yi? Gobe mu tafi tudu, ka tura wa ƙanenka shi tsaf yadda yake."

Wayata na cikin aljihuna lokacin, cike da caji. Minti biyar ya isa.

Washegari muka shiga mota. Tudun ya cika maƙil, maza da mata, kowa ya ɗaga hannu sama yana juyawa. Masu ƙosai har sun kafa kasko. Muka sami wani dutse muka hau. Lawali ya miƙo mini wayar ya ce ni na fi shi sauri. Na sa sim, na kunna data. Sandar sabis ɗaya ta fito, sannan biyu. Saƙonnin wata biyu suka fara zubowa, tana ta kuka. Na buɗe wurin hotuna, na sa yatsa kan bidiyon. Sai sikirin ya yi baƙi. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa, da rubutu ƙarami a ƙasa. Wannan karon na karanta: share komai ake yi. Na danne maɓallin kashewa da dukkan ƙarfina, amma ta riga ta fara. Da ta sake tashi, sai ta yi mana maraba, tana tambaya da wane harshe muke so ta yi magana.

Lawali ya karɓa ya juya ta gaba da baya. "Ina Baba?" Abin da ya ce ke nan.

A nan kan dutsen na kira ofishinsu da wayata, na buɗe murya. Aka haɗa mu da mai kula da kwamfutocin, wata Malama Rukayya. Na so in yi mata faɗa, na ma fara. Ta bari na gama.

"Injiniya, na ji ka. Malam Lawali, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Amma kai ka san abin da ke cikin imel ɗinka. Sunayen matan da ke taimaka mana a ƙauyuka ne, da gidajensu, da ranar da motarmu ke bi ta kowace hanya. Ka ce mini kun haɗu da masu bindiga, waya ta tafi. In ta faɗa hannunsu suka karanta, me za su kira matan nan? Kai ka sani. Kuma na ji an ce lambar kullen kowa a can sifiri huɗu ce."

Sifiri huɗun nan ni na sa su.

Lawali ya ce, "To ki share naku mana. Mi ya kai ki ga nawa?"

"Tsarin da muke da shi ba ya bambancewa, komai yake ɗauka. Na sha faɗa musu a canza. Da na san ta dawo hannunka da na janye umarnin, amma ta ina zan sani? Shi ya sa ake nuna wa mutum shafin gargaɗi kafin ya yarda."

"Ni ban yarda da komi ba."

"Wani ya danna, Malam."

Lawali ya ɗago ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Na daɗe ina juya maganar matar nan. Na so in same ta da laifi, ban samu ba. Da ɗaya daga cikin matan ƙauyen ƙanwata ce, ni ma cewa zan yi a share, yanzu-yanzu. Ofis yana da abin da yake tsoro, kuma tsoronsa na gaskiya ne. Amma shi ma Lawali da kuɗinsa ya sayi wayar. Ofis ya ari ɗaki guda a gidan mutum, sai ya karɓi makullin gidan duka, ya ce ai an sa hannu. Hannun kuwa nawa ne. Tsakanin mai tsaro da mai sirri akwai shafi ɗaya tal da aka tanada don mutum ya tsaya ya yi tunani, ni na tsallake masa shi.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini waya a sa imel ɗin aiki sai ya zauna. Ina karanta masa shafin layi-layi, ina fassarawa. In tsarin ofishinsu irin sabon nan ne mai ware wa aiki nasa akwati daban, na gaya masa abin da za su iya taɓawa da wanda ba za su iya ba. In irin na dā ne mai cinye komai, na ce ya nemi wata 'yar waya ta aiki kawai, ko ya kwashe abin da yake ji da shi tukuna. Sannan in miƙa masa ya danna da yatsansa. Wasu suna ƙosawa su tafi rumfar gaba, inda ake gamawa cikin minti biyu. Ba na hana su.

Amma ban gama muku labarin ba. Na kwana biyu ina gwada dawo da bidiyon da duk dabarar da na sani, ko ƙurarsa ban samu ba. Ana saura kwana uku zaman, Lawali ya zo rumfata ya yi sallama kamar ba abin da ya faru.

"Injiniya, kai ka ga bidiyon ga har sau ukku. Kuma kai ba dangina ba ne, ba ka da komi cikin gonar. Ka zo ka hwaɗi abin da kaj ji."

Na amsa da sauri, domin na ga hanyar wanke kaina. Muka tafi Adabka. Aka zauna a zauren mai gari, maƙwabcin na gefe guda da 'ya'yansa. Shi ma dattijo ne, ban ga alamar mugunta a fuskarsa ba, abin da ya ji daga nasa uban yake riƙe da shi. Har ma ya ce in dai marigayi ya faɗa da bakinsa, shi ya yarda. Aka gabatar da ni. Mai gari ya tambaye ni ko na ga marigayi a cikin wayar, na ce na gan shi, da sandarsa da farar riga. Ko na ji muryarsa, na ce na ji.

"Madalla. To ina yac ce iyaka ta tsaya, ga tsamiya ko ga kanya? Ka sani za ka dafa Alƙur'ani."

Na buɗe baki. Na ga layin nan da ke rawa a gefen sikirin, na gan shi sarai. Na tuna ƙarar iska cikin sifika, da inda hoton ya ɗan tsaya ya ci gaba. Na nemi kalma ɗaya daga bakin tsohon, ɗaya tak, ban samu ba. Na san amsar da Lawali yake so, duk zauren ma an sani. Kalma ce mai gaɓa biyu, kuma a zuciyata na yarda ita ce gaskiya. Amma ba daga bakin marigayi na riƙe ta ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, muryar na fita garau. Abin da ta ce ne ban riƙe ba. Ni wayar nake saurare."

Da ba a sami wata shaida ba, aka bar iyaka a tsamiya.

Lawali da kansa ya ɗauke ni a babur zai kai ni inda zan sami mota. Hanyar ta bi ta gefen gonar. Ya tsaya, ya kashe inji, ya sauka. An gama girbi, sai kara a tsaye. Ya taka har gindin kanya ya juyo ya fuskance ni.

"Nan Baba yat tsaya. Ga reshen nan bayanshi. Ko yanzu ba ka tuna ba?"

Na dubi kanya, na dubi tsamiya. Na daɗe ina dubawa, domin ina so in tuna fiye da yadda na taɓa son wani abu.

"Ban tuna ba, Lawali."

Ya gyaɗa kai, ya dawo ya tada babur. "Hau mu tahi, kada mota ta bar ka."